Mawaƙin Da Bai San Kuka Ba, Hawayen Wa Zai Share?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu rubuta waƙoƙin bishara, har ma da wasu manya waɗanda ya kamata a ce sun fi haka sani. Wai waƙar bangaskiya ba ta ambaton wahala. Wai duk baitin da ya ambaci yunwa, ko ciwo, ko kabari, ko daren da mutum ya kwana yana juyi yana tambayar Ubangiji ina Yake, to baitin raunin zuciya ne, kuma mai rera shi yana yi wa kansa mugun baki. Saboda haka in ka kunna rediyo ranar Lahadi, ko ka shiga shagon masu tura waƙoƙi a waya, abin da zai fi cika maka kunne shi ne nasara, da buɗi, da ɗaukaka, da mota, da gidan sama, da maƙiya waɗanda suka sha kunya. Kowa ya ci riba, ba wanda ya faɗi. Kowa ya warke, ba wanda aka kai makwanci.

A nawa ra'ayin wannan koyarwa ɓata ce, kuma ɓarnarta iri biyu ce: tana ɓata bangaskiya, tana kuma ɓata waƙa. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ba Kirista ba ne, amma ina roƙonsu kada su tsallake shafin, domin zancen na alƙalami ne. Duk wanda ya taɓa zama ya rubuta waƙar addini ko ta wa'azi ya san tambayar da ke gabanmu: shin marubuci zai faɗi gaskiyar halin da mutane ke ciki ne, ko kuwa zai shafa masa mai don a saya?

Da yake salon kiɗan da matasan nan ke kwaikwayo asalinsa daga majami'un baƙaƙen fatar Amurka ya fito, bari mu je can mu tambayi wanda ake kira uban wannan salo, mu ji ko shi ma haka ya koyar.

Sunansa Thomas Dorsey. An haife shi a shekarar 1899 a wani ƙaramin gari mai suna Villa Rica a jihar Jojiya. Mahaifinsa mai wa'azi ne, mahaifiyarsa kuma tana kaɗa ogan a coci. Amma da ya tasa, sai ya bi kiɗan duniya. Ya koma birnin Shikago yana saurayi, ya zama gwanin kaɗa fiyano a gidajen rawa, ya yi yawo da shahararriyar mawaƙiya Ma Rainey, ya yi suna da laƙabin Georgia Tom. Kiɗan da yake yi a lokacin shi ne wanda suke kira buluz, wato kiɗan ƙorafi da ɓacin rai na baƙar fata, wanda ya tsiro daga gonakin auduga na kudancin ƙasar. A shekarar 1928 shi da wani abokinsa Tampa Red suka fitar da wani faifai na batsa wanda ya yi kasuwa ƙwarai da gaske. Da ya juyo ya fara rubuta waƙoƙin ibada da irin wannan kiɗa, manyan majami'u ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba. Cewa suka yi ya ɗauko kiɗan mashaya ya shigo da shi gidan Ubangiji, kuma shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda aka riƙa korarsa daga majami'u masu suna.

To, a watan Agusta na 1932, Dorsey ya tafi birnin Sen Luwis domin ya yi waƙa a wani taron farkaswa, ya bar matarsa Nettie a gida da tsohon ciki. Yana wurin taron aka miƙo masa saƙon tangaraho cewa ta rasu wurin haihuwa. Ya koma Shikago ya tarar da jaririn, namiji, yana da rai. Ba a jima ba shi ma ya bi uwarsa. Aka binne su a akwati ɗaya. A cikin labarin da ya riƙa bayarwa har tsufansa, Dorsey bai ɓoye abin da ya ji ba: ya ce ya ga kamar Allah bai yi masa adalci ba, har ya yi niyyar ya daina yi Masa waƙa ya koma gidan jiya. Yana cikin wannan hali ne wani abokinsa, Theodore Frye, ya kai shi wani ɗaki mai fiyano ya bar shi shi kaɗai. A nan ya ɗauki karin wata tsohuwar waƙar coci ta ƙarni na 19, ya ɗora mata sababbin kalmomi. Abin da ya fito shi ne waƙar da duniya ta sani da suna Precious Lord.

Mai karatu, ka nemi waƙar ka saurara da kunnenka. Ba za ka ji alkawarin dukiya a cikinta ba, ko na warkewa, ko na ganin bayan maƙiyi. Addu'a ce ta mutumin da ya gaji liƙis, ƙarfinsa ya ƙare, duhu ya rufe shi, yana roƙon a riƙe masa hannu kada ya faɗi. Ke nan. Bai ce an riga an ɗaga shi ba, yana roƙo ne daga ƙasa inda yake. Idan muka ɗora ta a kan ma'aunin masu cewa kada a ambaci wahala, waƙar nan ta faɗi jarrabawa tun daga baitin farko. Amma ga shi yau fiye da shekara 90 ana rera ta, an fassara ta cikin harsuna da dama, alhali dubban waƙoƙin murna da aka yi a zamaninta sun bi iska. Aretha Franklin ta ɗauke ta a faifai a 1956 tana 'yar shekara 14. Elvis Presley ya ɗauka a 1957. Jim Reeves, wanda muryarsa ta daɗe tana tashi a gidajen Kirista da gidajen rediyo na ƙasar nan, ya sa ta cikin faifansa na waƙoƙin ibada na 1962. Ashe da yawa daga cikin iyayenmu sun sha jin kukan Dorsey ba tare da sun san sunan matar da ake yi wa makoki ba.

Yanzu bari mu ɗauki hujjojin masu wancan ra'ayi ɗaya bayan ɗaya, domin ba na son a ce na yi musu shari'a ba su nan.

Hujjarsu ta farko ita ce, wai ambaton wahala yana raunana bangaskiyar mai sauraro. Ni kuwa sai in tambaye su, wane littafi suke karantawa? Littafin Zabura, wanda shi ne kundin waƙoƙin ibada mafi daɗewa a hannun Kirista, waƙoƙi 150 ne a cikinsa, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi. Zabura ta 88 ma da duhu ta fara, da duhu ta ƙare, babu ko ɗan hasken da aka liƙa mata a wutsiya don a faranta wa mai karatu rai. Akwai littafi sukutum da ake kira Makoki. Akwai Ayuba. Yesu Almasihu kansa, a bisa gicciye, kalmomin da ya ɗaga murya da su daga farkon Zabura ta 22 ya ɗauko su, kuma duk wanda ya san wurin ya san ba kalmomin biki ba ne. Manzo Bulus ya ba da labarin wata ƙaya a jikinsa wadda ya roƙa har sau uku a cire masa, ba a cire ba. Shi da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, bayan an yi musu bulala, ƙafafunsu a turu. Ba su jira an buɗe ƙofa ba sannan su rera. To, waɗannan duka masu raunin bangaskiya ne, sai mawaƙinmu na yau da ke rawa a gaban motar aro shi ne mai ƙarfinta? Tirƙashi!

Bilhasali ma, abin da ke raunana bangaskiya shi ne kishiyar abin da suke tsoro. Mu dawo gida mu duba. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne. A watan Oktoba na shekarar kuma 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedkwatar ekklesiyar da ke Kwarhi, jama'a suka fantsama daji, wasu zuwa Kamaru, wasu Yola, wasu Jos. Musulmi da Kirista duka sun ɗanɗana wannan masifa, ba wanda ta bari. Ka ɗauki mace guda daga cikin waɗannan, wadda ta rasa miji da gona da ɗaki, tana zaune a sansanin gudun hijira. Ka kunna mata waƙar da ke cewa duk mai bangaskiya ta gaske ba ya ganin wahala, kuma wannan shekara tasa ce ta hawa sama. Me ka gaya mata? Ka gaya mata cewa ɗayan biyu ne: ko dai bangaskiyarta jabu ce, ko kuwa Allah Ya juya mata baya. Ka ɗora mata laifi a kan rashi. Wannan shi ne ainihin wa'azin abokan Ayuba, waɗanda suka zo ta'aziyya suka ɓuge da tuhuma, kuma duk mai karatun littafin ya san cewa a ƙarshe su aka tsawata wa, ba Ayuba ba. Waƙa irin ta Dorsey kuwa za ta zauna kusa da matar nan a tabarma, ta nuna mata cewa wani ma ya taɓa shiga wannan rami, ya yi kira daga ciki, kuma kiran nan kansa ibada ce.

Hujja ta biyu daga wani ɓangare take fitowa, wato daga 'yan boko masu ra'ayin gurguzu, waɗanda suka gaji zancen nan na cewa addini maganin barci ne da ake ɗura wa talaka. Su cewa suke yi waƙar jimiri tana koya wa wanda aka zalunta ya naɗe hannu ya jira lahira. Wannan zargi yana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin an sha yin amfani da kalmar haƙuri a rufe bakin mai kuka. Amma tarihin waƙar da muke magana a kanta ya ƙaryata su. A watan Disamba na 1955 baƙaƙen fatar birnin Montgomery suka ƙaurace wa motocin safa saboda wariyar launin fata, suka yi kwana 381 suna tafiya a ƙasa zuwa wuraren aikinsu. A ina suke samun ƙarfin tashi da safe? A majami'u suke taruwa da dare, su yi waƙa, su yi addu'a, su tsara yadda gobe za ta kasance. Mahalia Jackson, wadda ta yi aiki da Dorsey shekaru da yawa, ta je garin a 1956 ta yi waƙa don tara musu gudummawa, ta kuma yi waƙa a babban gangamin Washinton na 1963. Ranar 4 ga Afrilu, 1968, Martin Luther King yana birnin Memfis domin mara wa masu kwashe shara baya a yajin aikin da suke yi. Yana tsaye a barandar masaukinsa ya roƙi wani makaɗi mai suna Ben Branch da ya kaɗa masa Precious Lord a taron daren ranar. Jim kaɗan bayan haka aka harbe shi, yana da shekara 39. Mahalia Jackson ce ta rera waƙar a jana'izarsa, kuma da ita ma ta rasu a 1972, Aretha Franklin ta rera mata ita.

To, jama'a, mutumin da aka jefa wa gidansa bam, aka ɗaure shi sau da dama, aka soke shi da wuƙa, bai fasa ba, shi ne za a ce waƙar da ya fi ƙauna ta sa shi barci? Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 da ta 'yancin jefa ƙuri'a ta 1965 ba masu barci ne suka ƙwato su ba. Jimiri daban, miƙa wuya daban. Mai miƙa wuya ya yarda cewa haka abin zai tabbata. Mai jimiri ya san abin ba daidai ba ne, ya faɗa da babbar murya, sannan ya ƙi barin wurin da yake tsaye. In ana neman waƙar da ke sa talaka barci, a duba wadda ke gaya masa cewa talaucinsa aikin mayun ƙauyensu ne, kuma maganinsa shi ne ya ƙara baiko. Ita ce ba ta taɓa tambayar ina kuɗin asibiti da na makaranta suka shiga.

Hujja ta uku ita ce ta kasuwa, kuma ita ce ta fi gaskiya a cikin ukun, domin masu ita ba su ɓoye komai. Cewa suke yi mutane sun gaji da baƙin ciki, abin rawa suke so, kuma mawaƙi ma yana da iyali. Ban ƙi ba. Kada wani ya fahimce ni da cewa ina yaƙi da ganga ko da murna. Dorsey kansa ai saboda kiɗansa yana motsa ƙafa aka riƙa korarsa, kuma duk wanda ya taɓa ganin Zumuntar Mata sun ɗauki tulu da kacau-kacau a majami'a ya san cewa rawa da hawaye suna iya haɗuwa a waƙa ɗaya. Matan nan sukan rera zancen mutuwa da tsanani da gajeriyar rayuwar duniya, ƙafafunsu na tafiya, fuskokinsu a sake. Murnar da ta ratsa ta cikin wahala ta fito tana da nauyi. Wadda ba ta taɓa ganin wahala ba kuwa kumfa ce. Abin da nake yaƙi da shi shi ne ƙarya, kuma Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Waƙar da ta yi wa mutum alkawarin mota kafin Kirsimeti, in Janairu ta zo yana nan a ƙasa, dole a sake masa wata. Shi ya sa irin waɗannan waƙoƙi ba su shekara. Ko ta fuskar kasuwar ma, wace riba ce ta fi: faifan da zai yi wata uku yana tashe, ko waƙar da jikoki za su nema ranar da suka rasa uwa?

'Yan'uwana Musulmi masu karanta wannan shafi ba baƙi ba ne ga abin da nake faɗa. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma sunan da ya ba waƙoƙinsa, wato Imfiraji, ma'anarsa yayewar ƙunci. Ba a maganar yayewar ƙunci sai an yarda akwai ƙuncin. Waƙoƙin nan sun shiga kasuwa da tasha da zaure, an haddace su, an riƙa rera su a rediyo, domin mai su bai ɓoye wa mutane halin duniya ba. Addini daban, salo daban, amma gaskiyar alƙalami ɗaya ce.

Saboda haka ga abin da nake so matasan marubuta su ɗauka daga labarin Dorsey, tunda dominsu aka kafa wannan mujalla.

Na farko, ka rubuta daga inda kake tsaye, ba daga inda kake so a ɗauka kana tsaye ba. In kana cikin rami, ka ce kana cikin rami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai sauraro yana gane muryar wanda ruwa ya taɓa jiƙa.

Na biyu, kada ka yi gaggawar warware matsalar a baiti na ƙarshe. Wannan cuta ce da ta kama waƙoƙinmu da ƙagaggun labaranmu baki ɗaya: baiti goma na wahala, sai na sha ɗaya ya zo da mota da aure da kujerar Makka ko ta Urushalima. Dorsey bai dawo da Nettie a baitin ƙarshe ba, domin ba ta dawo ba. Ya bar roƙon a matsayin roƙo. Shi ya sa duk wanda ba a riga an amsa masa ba yake samun wurin zama a cikin waƙar.

Na uku, ka rage ado. Kalmomin waƙar nan ƙanana ne, irin waɗanda yaro ɗan firamare zai gane, kuma ko karin ma aro ne. Abin da yake nasa shi ne gaskiyar da ya zuba a ciki. Mutumin da ruwa ke ci ba ya kiran taimako da salon magana mai hawa uku. Idan ka ga baitinka na makoki ya cika da manyan kalmomi da kirari, to ka binciki kanka, wataƙila kana kallon madubi ne, ba kabari ba.

Na huɗu, kada ka ɗauka cewa kuka shi ne ƙarshen zance. Mahalia Jackson ta ƙi yin waƙar buluz duk tsawon rayuwarta, duk da kuɗin da aka riƙa yi mata tayi, domin a ganinta mai wannan kiɗa yana kuka ne ba shi da wanda yake kai wa ƙara, mai waƙar bishara kuwa yana da Shi. Ko ka yarda da ita ko ba ka yarda ba, ta nuna inda bambancin yake. Wahalar ɗaya ce, muryar ma kusan ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne wanda ake fuskanta lokacin da ake kukan. Waƙar jimiri ba ta cewa babu ciwo, ba ta kuma cewa babu Mai ji. Ta riƙe biyun ne a hannu ɗaya ta ƙi sakin ko guda, kuma wannan riƙo shi ne aikin da ya fi wuya a rubutu.

Dorsey ya rayu har zuwa watan Janairu na 1993, ya shafe shekaru masu yawa yana jagorantar mawaƙan majami'ar Pilgrim Baptist ta Shikago, ya rubuta ɗaruruwan waƙoƙi, da yawansu na murna ne. Amma wadda duniya ta riƙe ita ce wadda ya rubuta a lokacin da yake shakkar ko zai ƙara yi wa Allah waƙa. Da a ce a ranar nan wani daga cikin masu koyarwar yau yana tsaye a bayansa yana ce masa kada ya yi wa kansa mugun baki, da an yi asarar da ba a san an yi ba.

Ƙasarmu a yau cike take da gwauraye da marayu, da waɗanda aka raba da gonakinsu, da iyayen da ke sayar da kadara don biyan kuɗin fansa. Waɗannan mutane suna zuwa majami'a, suna kunna rediyo, suna sauraron abin da muka rubuta. Haƙƙinsu ne a kanmu su ji kansu a cikin waƙoƙinmu. Wanda ke ganin na yi kuskure, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya ɗauko alƙalami ya kawo hujja, amma ya zo da sunan waƙa guda ta alkawarin dukiya wadda aka taɓa rerawa a bakin kabari ta sanyaya zuciyar mai makoki. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da jimirin tsayawa a kanta, amin.